Waiwaye: Yadda labarin kare ya haɗa shugaban Amurka da wani marubuci rigima

A watan Agustan 1896 aka tsinci zinare a wani rafi da ke yankin Klondike na Yukon, can arewa maso yammacin Kanada. Labari bai isa biranen Amurka ba sai bazarar 1897, amma da ya isa sai aka yi ta tururuwa. Mutum kusan 100,000 ne suka kama hanya, waɗanda suka kai ba su wuce 40,000 ba. Hukumomin Kanada sun ƙi barin kowa ya shiga sai da guzurin shekara guda, kayan da nauyinsu ya kai kusan tan ɗaya, kuma dawakai sun yi ta mutuwa a mashigin White Pass. Kare mai ƙarfi da gashi mai kauri, wanda zai ja kaya a kan dusar ƙanƙara, sai ya zama kadara, har aka shiga satar karnukan gidaje ana turawa arewa.

Cikin masu tafiyar akwai wani saurayi ɗan shekara 21, Jack London. Zinare bai samu ba, ciwon rashin bitamin C ya samo, ya koma gida a 1898. Amma ya ga karnuka da idonsa, kuma a 1903 ya fitar da The Call of the Wild, labarin Buck, ƙaton karen gidan wani alƙali a Kalifoniya wanda yaron mai kula da lambu ya sace ya sayar saboda bashin caca.

Ana yawan cewa ilhami ne ya raya Buck, wato ɗabi'ar kakanninsa kyarketai da ta farka a jikinsa. Duk wanda ya karanta a tsanake zai ga rabin maganar ke nan. Da wani mutum mai jar riga ya jibge shi da kulki, ya gane cewa ba a ja da mai kulki a hannu. A darensa na farko a arewa sanyi ya hana shi sakat, ya zagaya sansani bai ga sauran karnukan ba, sai da ƙafarsa ta burma ya tarar da ɗaya a dunƙule cikin rami ƙarƙashin ƙanƙara, shi ma ya haƙa nasa. Ya ga wani kare ya saci nama ya sha, washegari ya yi awon gaba da gunduwa guda, aka hukunta wani daban. Wannan duk koyo ne da kwaikwayo. London ya karanta littattafan masanan Birtaniya Charles Darwin da Herbert Spencer, kuma tun 1871 Darwin ya ce bambancin hankalin mutum da na manyan dabbobi na mataki ne, ba na asali ba.

Littafin ya faɗo ne tsakiyar wata rigima. A watan Maris na 1903 wani dattijo masanin halittu, John Burroughs, ya yi rubutu a mujallar Atlantic Monthly yana caccakar masu labaran dabbobi irin su Ernest Thompson Seton da William J. Long, wai suna sayar da ƙage a matsayin ilimi. Long, wanda limamin coci ne, har ya ba da labarin wani tsuntsu da ya karye a ƙafa ya yi wa kansa ɗori da taɓo. A wurin Burroughs dabba ba ta tunani, ilhami ke juya ta.

A 1907 Shugaba Theodore Roosevelt, abokin Burroughs kuma gogaggen mafarauci, ya tsoma baki ta mujallar Everybody's Magazine. Damuwarsa ita ce ana karantar da yara waɗannan littattafai a makarantu. Ya fi dirar wa Long, amma London ma bai tsira ba: a littafinsa na 1906, White Fang, karen buldog ya kusa kashe wani barbarar yanyawar kare da kyarkeci, Roosevelt ya ce hakan ba ya yiwuwa. Long ya mayar da martani cewa shugaban ba ya kusantar zuciyar dabba sai ya huda ta da harsashi.

London ya bari sai 1908 ya amsa a mujallar Collier's. Ya ce batun buldog saɓanin ra'ayi ne kawai. Ya ce shi da kansa ya yi littattafan ne don nuna adawa da masu mayar da dabba mutum, shi ya sa yake ta nanata cewa karensa bai yi tunanin abu kaza ba, aikatawa kawai ya yi. Sannan ya zargi Burroughs da Roosevelt da girman kan ɗan Adam, tunda a ganinsa dabba tana da ɗan abin da ba a rasa ba na tunani.

Abin mamaki, wurin da London ya fi zuƙi ta malle ba shi shugaban ya taɓo ba. Buck kan kwanta a bakin wuta ya riƙa ganin wani gajeren mutum mai gashi na zamanin da, wai tunanin kakanni ne ya gado a jini. Kimiyya ba ta san wannan ba.

Zamani ya raba gardamar, kowa ya samu nasa. Konrad Lorenz da Niko Tinbergen da Karl von Frisch sun karɓi kyautar Nobel a 1973 kan nazarin halayyar dabbobi, inda ilhami ya samu gindin zama. A 1976 kuma Donald Griffin ya sake buɗe batun ko dabba tana sane da abin da take yi. Shi kuwa zancen cewa shugabancin garken kyarketai sai wanda ya fi fiƙa, kamar yadda Buck ya kashe Spitz, jagoran karnukan jan kaya, ya karɓe gaba, ya samo ƙarfi ne daga nazarin kyarketan da aka tsare a keji. Masani David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa shi, ya gyara zancen a 1999 bayan ya bi su cikin daji: garken yawanci uwa ne da uba da 'ya'yansu.