Kwatanta Makarantun Sakandaren Gwamnati a Amurka

A Amurka akan jera makarantun sakandaren gwamnati na yanki ɗaya a auna su ta fuska biyu: sakamakon jarrabawa da kuma irin ɗaliban da ke zuwa kowacce. Iyaye ne suka fi bibiyar wannan awo, galibi kafin su sayi gida ko su kama haya, domin a yawancin gundumomi adireshin gida ne ke yanke makarantar da yaro zai shiga.

Alkaluman sun yawaita ne bayan dokar No Child Left Behind, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002. Ta wajabta wa jihohi jarraba yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji na 3 zuwa na 8, sannan aƙalla sau ɗaya a sakandare. Babban alherinta shi ne hana dunƙule sakamako. Dole a ware na baƙar fata, da na 'yan asalin Latin Amurka, da na 'ya'yan marasa ƙarfi, da masu naƙasa, da masu koyon Turanci. Kafin nan, makaranta na iya ɓoye faɗuwar rukuni guda a bayan matsakaicin maki mai kyau. Dokar da Shugaba Barack Obama ya maye gurbinta da ita a Disambar 2015 ta mayar wa jihohi da iko mai yawa, amma ta bar wannan sharaɗi.

Ban da maki, ana duba yawan masu kammalawa cikin shekara 4 da yawan fashin makaranta. Talauci kuwa an daɗe ana ƙiyasta shi da abincin rana: yaron da kuɗin shigar gidansu bai wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba yana ci kyauta, zuwa kashi 185 kuma a yi masa rangwame.

Inda gizo ke saƙa shi ne fassarar alkaluman. Tun 1966 binciken da masanin zamantakewa James Coleman ya jagoranta, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan makinsa. Saboda haka makarantar da ke kan gaba sau da yawa 'ya'yan masu hali ta tara, ba lallai ta fi koyarwa ba. Kuɗin makarantu ma wani babban ɓangarensa daga harajin gidaje yake fitowa, unguwa mai tsada tana tara mai yawa. Da shafukan cinikin gidaje irin su Zillow suka riƙa nuna makin 1 zuwa 10 na GreatSchools, wata ƙungiya mai auna makarantu, kusa da farashin gida, masu kuɗi suka ƙara samun hanyar bin maki, maki kuma yana bin su. Malamin da ya karɓi yaro da kyar yake haɗa baƙi ya kai shi ga kammalawa ya yi aikin da irin wannan jeri ba ya gani, kuma wannan rashin adalci ne.

Don gyara haka jihohi da dama suna auna ci gaba, wato inda ɗalibi ya taso da inda ya kai, idan aka haɗa shi da takwarorinsa masu irin makinsa na baya. Wannan awo ya fi wuya a sakandare, tunda dokar tarayya jarrabawa ɗaya kawai ta wajabta a can a kowane fanni.