Ingancin Sigina a Layin Faiba na Talabijin ta Kebul

Ingancin sigina a layin faiba shi ne gwargwadon yadda hoto da murya ke isa ga mai kallo ba su gurɓata ba, bayan an mayar da su haske an tura ta zaren gilashi. Kamfanonin kebul a Amurka sun fara rungumar faiba a ƙarshen shekarun 1980. Ita ke ɗauko tashoshi daga cibiyar watsawa zuwa unguwa, sai wayar tagulla ta raba su gida-gida. Wannan haɗin faiba da tagulla ake kira HFC. Kafin nan sigina kan ratsa na'urorin ƙara ƙarfi masu yawa a jere, kowacce tana zuba tata hayaniyar, wato tarkacen lantarki da ke gurɓata sigina. Zaren gilashi kuwa asarar siginarsa kaɗan ce: kimanin desibel (ma'aunin ƙarfin sigina) 0.35 a kilomita ga haske mai tsawon zango nanomita 1310, da kimanin 0.2 ga mai 1550.

Ma'auni na farko shi ne CNR, tazarar ƙarfin sigina a kan hayaniya. In ta yi ƙasa, hoton analog, wato na tsohon tsarin da ya gabaci dijital, ya cika da ɗige-ɗige. Hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta gindaya desibel 43 a matsayin mafi ƙaranci. Hayaniyar na fitowa daga rawar hasken leza (na'urar da ke mayar da sigina haske), da kuma na'urar da ke karɓar hasken. Ma'aunan CSO da CTB kuma suna nuna yadda tashoshi ke cakuɗa cikin lezar, har zane-zane su bayyana a allo.

A nan injiniya ke tsaka mai wuya. Ya ƙara wa leza siginar da ake ɗora mata, hayaniya ta ja baya amma cakuɗa ta ƙaru, har lezar ta riƙa datse ƙwanƙolin sigina. Ya rage, hayaniya ta dawo. Haske ma in ya yi yawa a dogon layi, gilashin da kansa yakan mayar da wani sashe baya.

Sai dai abin da bai kamata a raina ba shi ne ƙura. Tsakiyar zaren, inda haske ke bi, faɗinta bai wuce kimanin maikiron 9 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don haka datti ƙalilan a bakin mahaɗi ya isa ya tare haske ko ya mayar da shi cikin leza. Shi ya sa ake fifita koren mahaɗi na APC, wanda aka goge bakinsa a karkace da digiri 8 don kada hasken da ya dawo ya koma cikin leza.

A tashoshin dijital ana duba MER, wato ma'aunin tsabtar siginar dijital, da yawan kurakuran bayanai. Hoto yakan zauna garau har sigina ta kai gejinta, sannan ya daskare ko ya farfashe farat ɗaya, shi ya sa ma'aikata ke dogara da awo maimakon ido.