Masu lambu a Legas, don Allah a daina cinna wa sharar lambu wuta

Da rani ya kama, duk lambun da mutum ya leƙa daga Ojo zuwa Iba, hayaƙi ne ke tashi. An tuge tsohon alayyafo da lalo, an nome ciyawa, an tara a bakin fangali, an ƙyasta ashana. Bayan wata biyu kuma mai lambun ne zai tare malamin gona da kuka: ƙasa ta gaji, latas ya yi rawaya, buhun taki ya fi ƙarfin aljihu. To Malam, wa ya gajiyar da ita?

'Yan uwa, abin da kuke kira shara abincin ƙasa ne. Kusan rabin nauyin busasshen ganye sinadarin kabon ne, wanda shuka ta zuƙo daga iska ta gina jikinta da shi. Idan ganyen ya ruɓe a cikin ƙasa, shi ne baƙin nan mai laushi da ke riƙe danshi, wanda tana ke zama a cikinsa. Ƙasar Legas yawancinta yashi ce, kun fi kowa sani: ku yi ban-ruwa da safe, kafin azahar ta bushe. Wuta kuwa cikin 'yan mintuna take mayar da kabon ɗin sama.

Naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, ya fi ban takaici. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma alayyafo ba ya iya ɗaukarsa daga can. Sai ƙananan halittu na cikin ƙasa sun kamo shi tukuna. Ku tuge wake ko gyaɗa ku duba saiwar, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle, a cikinsu irin waɗannan halittu suke zama. Ku fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne, aiki suke yi. Abin da suka sha wahalar tarawa, da wanda kuka zuba da kuɗinku, yana cikin ganyen nan, kuma kusan dukansa yake bin hayaƙi. Sannan mutum ya wuce kasuwa ya sayo yuriya saboda naitirojin kashi 46 da ke cikinta. Haba jama'a!

Wani zai ce ai toka taki ce. Gaskiya ne, yawancin fosfaros da fotash, sinadaran da su ma shuka ke buƙata, suna zama a toka. Amma toka ba ta da nauyi. Ruwan farko na Maris ko Afrilu zai wanke ta zuwa kwata, kwata ta kai tafki. A can take ciyar da ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa, wadda ta shigo ta Badagry a 1984, take toshe wa jiragen kwale-kwale hanya a wajen Ikorodu. In ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke numfashi da ita. Shi kuma fosfaros ba ya dawowa ta sama kamar kabon da naitirojin. Daga dutse ake haƙo shi, na takin zamaninmu har daga Maroko ake kawowa.

Na san wuri ya yi muku ƙunci, filin ma aro ne, kuma ƙonawa ta fi sauri. Duk da haka tsibi ɗaya na sharar, da za a bari ta ruɓe ta zama taki, ba ya cin fiye da mita ɗaya. Ga yadda za a yi:

- A tsince leda, roba da kwalba.
- Busasshiyar ciyawa kwando 3, ɗanyen ganye da kashin shanu ko na kaji kwando 1, ana jerawa bisa-bisa har tsayin ƙugu.
- A yayyafa ruwa. In aka matse a hannu ya yi danshi bai ɗiga ba, ya isa.
- A rufe da buhu saboda ruwan sama, a juya duk mako 2.
- Wata 2 zuwa 3 ya nuna: ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasa.

In tsibin yana zarni kamar fitsari, kashi ya yi yawa kuma naitirojin na gudu, a ƙara busasshe. In ya ƙi ɗaukar zafi, ko ya bushe ko ɗanye ya yi kaɗan. Kada a zuba ɗanyen garin katako kai tsaye a fangali, halittun da za su ruɓar da shi za su ƙwace naitirojin ɗin shuka, ganye ya yi rawaya. Kashin shanu yana nan a mayankar Oko-Oba, ruɓaɓɓen kayan gwari kuma a kasuwar Mile 12.

Abu guda aka yarda a ƙona: shukar da cuta ta kama, kamar tumatir ko tattasai da ya yi yaushi ya mutu a tsaye. Shi ma a ware shi daban, nesa da tsibin, kada ya zama hujjar haɗawa da sauran a banka musu wuta.