Wai doka ta haramta jam'iyya ta uku da ɗan indifenda a Amurka? A'a, ga inda gizo yake saƙar

Tun da Elon Musk ya ɓata da Trump ya fito a watan Yulin 2025 ya ce zai kafa tasa jam'iyyar mai suna America Party nake ta jin maganganu kala-kala, wani ya ce ai kundin tsarin mulkin Amurka jam'iyya biyu kacal ya yarda da su, wani ya ce duk wanda ya kafa ta uku kotu za ta rufe ta, har na ji wani dattijo a majalisarmu yana rantsuwa cewa ƙuri'ar da Musulmin Michigan suka ba Jill Stein, 'yar takarar ƙaramar jam'iyyar Green, a 2024 wai kwashe ta aka yi aka zuba wa Trump a akwati. Jama'a duk wannan babu shi. Bari mu bi abin a hankali.

Na farko dai, kundin tsarin mulkin Amurka ko kalmar jam'iyya bai ambata ba, daga farkonsa har ƙarshe. Sharuɗɗan zama shugaban ƙasa guda uku ne: ka kasance ɗan ƙasa tun daga haihuwa, ka kai shekara 35, kuma ka zauna a ƙasar shekara 14. Shi kenan. Shi Musk ɗin ma sharaɗin farko ne ya yi waje da shi, don a Pretoria ta Afirka ta Kudu aka haife shi, jam'iyya kam zai iya kafawa ya zuba mata kuɗi, amma shi da kujerar sai kallo. George Washington da ya fara mulkin ƙasar ba shi da jam'iyya, ita kanta Republican da ake gani kamar da ita aka halicci Amurka, a 1854 aka kafa ta, shekara shida bayan nan Lincoln ya ci zaɓe a cikinta. Abin da zai ba ka mamaki, a wannan gaɓar mu ne dokarmu ta fi tsauri, domin sashe na 131 na kundin Najeriya na 1999 ya ce dole ɗan takarar shugaban ƙasa ya zama ɗan jam'iyya kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Mu ne ba mu da indifenda, wato ɗan takarar da ba ya ƙarƙashin kowace jam'iyya. Su suna da shi, kuma duk zaɓe sai ka ga 'yan Libertarian da 'yan Green da wasu da ko sunansu ba ka taɓa ji ba a kan takardar ƙuri'a.

To idan ba a hana ba, me ya sa ba sa ci? Nan ne maganar take.

Amurka ba ta da hukumar zaɓe ɗaya irin INEC da za ka je ka yi rajista sau ɗaya sunanka ya fito ko'ina. Jihohi 50 da birnin Washington, kowa da dokarsa ta yadda suna zai hau takardar ƙuri'a, wato sai ka bi ƙofa 51 ɗaya bayan ɗaya. Wata jihar abin wasa ne, a Tennessee sa hannun mutum 275 ya ishe ka, a Louisiana dala 500 za ka biya. Amma New York sa hannu 45,000 take nema, Texas sama da 113,000 a zaɓen 2024, kuma wanda ya riga ya jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani na Democrat ko Republican ba shi da damar sa maka hannu, Kalifoniya kuwa ta haura 200,000. Kuma ba wai ka tara ka kai shi kenan ba, lauyoyin babbar jam'iyyar da take tsoron za ka rage mata ƙuri'a za su zauna su bi takardun suna bayan suna, wannan adireshinsa ya canza, wancan bai yi rajista a gundumar ba, wannan sa hannun bai yi kama da na fayil ba, su yi ta zubarwa har adadin ya gaza. Shi ya sa masu tarawa suke tara fiye da abin da aka nema nesa ba kusa ba, kuma yawanci kamfani ake ɗauka haya yana biyan yara suna tsayawa bakin kantuna da takarda, kuɗi ne mai yawa kafin ma a fara kamfe.

Hukuncin da ke cikin dokar a nan yake, kuma ba ɗauri ba ne don ka tsaya takara. Idan ka gaza cika sharaɗi, sunanka ne kawai ba zai fito a wannan jihar ba. Robert Kennedy ƙarami da ya tsaya a matsayin indifenda ya ɗanɗana a watan Agustan 2024, wata alƙaliya a New York ta cire sunansa saboda adireshin da ya rubuta a takardun a matsayin gidansa ta ce ba a nan yake zaune ba. Ba a kama shi ba, ba a ci shi tara ba, an dai goge shi daga takardar jihar. Wanda ake gurfanarwa shi ne wanda ya ƙirƙiri sa hannun bogi, wannan kuma laifi ne ko wace jam'iyya kake wa aiki. Abin dariyar ma, da Kennedy ya janye ya koma bayan Trump sai ya dawo yana roƙon a cire sunansa a Michigan da Wisconsin, jihohin suka ƙi, ya je har Kotun Ƙoli ita ma ta ƙi. Shiga da wahala, fita da wahala.

Kotun Ƙolin ta taɓa taka wa jihohi burki dai. A 1968 ta ce dokar Ohio ta yi tsananin da kusan babu sabuwar jam'iyyar da za ta iya shiga, ta sa aka saka sunan George Wallace, ɗan takarar jam'iyya ta uku a zaɓen shekarar. A 1983 ta sake rushe wata dokar Ohio ɗin da ta tilasta wa indifenda ya miƙa takardunsa tun watan Maris, a ƙarar da John Anderson ya shigar. Amma ba ta ce a daina neman sa hannu ba, ta bar wa jihohi wuƙa da nama, kuma waɗanda suke rubuta dokokin nan a majalisun jihohi su waye? 'Yan jam'iyyu biyun nan ne. An ba kura ajiyar nama kenan, ni dai haka nake ganinsa.

Yanzu mu ce ka tsallake duk wannan, sunanka ya fito ko'ina. Ross Perot ya yi haka a 1992, attajiri ne ɗan Texas, ya samu kusan kashi 19 cikin 100, ƙuri'a sama da miliyan 19. Wakilai nawa ya samu a kwalejin zaɓe, wato rukunin wakilan jihohi da su ne suke zaɓen shugaban ƙasa? Sifili. Ko ɗaya. Dalili shi ne ba jimillar ƙuri'un ƙasa ake kirgawa ba, kowace jiha tana da adadin wakilanta, duka 538, mai son ci sai ya haɗa 270, kuma a jihohi 48 duk wanda ya zo na ɗaya ko da ƙuri'a ɗaya ya fi, shi zai kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. Maine da Nebraska ne kaɗai suke rabawa ta gunduma. Perot ya samu jama'a a ko'ina amma bai zo na ɗaya a ko'ina ba. Shi kuwa Wallace a 1968 da kashi 13 da ɗoriya ya tashi da wakilai 46, saboda ƙuri'unsa a dunƙule suke a jihohi biyar na kudu inda aƙidarsa ta wariyar launin fata take da kasuwa. Idan kana son ka gane da misalin gida, ɗauki Kwankwaso a 2023: da irin tsarin Amurka muke yi, da duk wakilan Kano nasa ne, wanda kuma ya zo na biyu a jihohi ashirin bai ci ko ɗaya ba zai koma gida hannu rabbana. Tun daga Wallace ɗin nan babu ɗan jam'iyya ta uku da ya sake cin jiha. Wanda ya fi kowa taɓukawa shi ne Theodore Roosevelt a 1912, ya zo na biyu da wakilai 88, shi ma tsohon shugaban ƙasa ne da ya fasa jam'iyyarsa gida biyu, ƙarshe Wilson na Democrat ya wuce ta tsakiya.

Sai batun wai ana ba wani ƙuri'arka. Ba a ba kowa. A Dearborn ta Michigan, garin da Larabawa da Musulmi suka yi yawa, mutane sun fusata da gwamnatin Biden kan Gaza, Jill Stein ta samu kusan kashi 18 a garin, kuma da sunanta aka rubuta su, suna nan a sakamakon hukuma. Abin da masu zargin suke nufi lissafi ne: da waɗannan mutanen sun zaɓi Kamala Harris ta Democrat da kaza ya faru. Wannan muhawara tsohuwa ce, tun 2000 ake yin ta, lokacin da Bush ya ci Florida da ratar ƙuri'a 537 alhali Ralph Nader na Green ya samu sama da 97,000 a jihar, har yau akwai 'yan Democrat da ba sa son jin sunansa. Amma zargin siyasa daban, doka daban. Kuma wa ya ce maka duk wanda ya zaɓi Nader da ma Al Gore na Democrat zai zaɓa? Wani da zamansa zai yi a gida.

Inda na fi ganin mutane suna ruɗewa shi ne idan ɗan takara na uku ya ci 'yan jihohi har aka rasa mai 270. Da yawa suna ɗauka za a je zagaye na biyu kamar yadda ake yi a Ghana ko yadda aka yi a Nijar a 2021. Babu zagaye na biyu a Amurka. Gyara na 12 da aka yi wa kundin a 1804 ya ce majalisar wakilai ce za ta zaɓi shugaban ƙasa daga cikin mutum uku da suka fi yawan wakilan zaɓe. Lura da kyau, wakilan zaɓe aka ce ba ƙuri'ar jama'a ba, don haka irin su Perot mai miliyan 19 da sifilin wakili ko cikin ukun ba zai shiga ba, wanda ya ci ƙaramar jiha ɗaya tak kuma zai iya shiga.

Kuma a majalisar ba kowane ɗan majalisa ne da ƙuri'arsa ba. Kowace jiha ƙuri'a ɗaya. Kalifoniya mai 'yan majalisa 52 za su haɗu su fitar da ƙuri'a ɗaya, Wyoming mai ɗan majalisa guda shi kaɗai ma ƙuri'a ɗaya, ana neman jihohi 26. Jihar da 'yan majalisarta suka rabu daidai wa daida, tata ta faɗi ƙasa. Birnin Washington da ke da wakilai uku a kwalejin zaɓe, a nan ba shi da ta cewa. Sabuwar majalisar da aka rantsar ranar 3 ga Janairu ce take wannan aiki, ba mai barin gado ba. Mataimaki kuma majalisar dattawa ce za ta zaɓe shi daga mutum biyu na sama, kowane sanata da ƙuri'arsa, wato zai yiwu shugaba ya fito daga wannan jam'iyya mataimaki daga waccan, idan kuma majalisar wakilai ta cije har ranar 20 ga Janairu, mataimakin ne zai riƙe ƙasar kafin su daidaita.

An taɓa yi, a zaɓen 1824. Andrew Jackson ya zo na ɗaya da wakilai 99, John Quincy Adams 84, Crawford 41, Henry Clay 37. Clay ya faɗi daga cikin ukun, amma shi ne kakakin majalisar, ya juya mutanensa suka bi Adams, Adams ya ci da jihohi 13 cikin 24 na lokacin, sannan ya naɗa Clay sakataren harkokin waje. Jackson ya yi ta kukan an yi ciniki da shi har ya dawo ya ci a 1828. Wallace ma a 1968 ba don ya ci ya tsaya ba, so yake ya hana Nixon na Republican da Humphrey na Democrat kaiwa 270 su zo su same shi a yi ciniki, sai Nixon ya samu 301 lissafin ya rushe. Wannan tsari gaskiya ban ga adalcinsa ba, mutum ɗaya daga Wyoming ya yi nauyin mutum 52, amma haka yake a rubuce kuma ba a taɓa shi ba.

Sauran shingayen biyu a gurguje. Muhawarar talabijin ba doka ba ce ma, wata hukuma ce mai zaman kanta da jam'iyyun biyu suka kafa a 1987, daga 2000 ta sa sharaɗin sai ka kai kashi 15 a ƙuri'ar jin ra'ayi, kuma tun bayan Perot a 1992 ba a sake ganin mutum na uku a dandalin ba, ko a 2024 da CNN ta shirya tata ita ma kashi 15 ɗin ta sa, Kennedy bai shiga ba. Ta ina za ka kai 15 idan ba a gan ka ba? Sai kuɗin gwamnati: jam'iyyar da ta samu kashi 5 a zaɓen shugaban ƙasa tana da haƙƙin tallafin kamfe a zaɓe na gaba. Wannan kashi 5 ɗin ne Nader ya nema a 2000 ya tsaya a ƙasa da 3, Gary Johnson na Libertarian ya nema a 2016 ya tsaya a 3 da 'yan kai. Don haka idan ka ga ƙaramar jam'iyya tana ta fafutuka alhali ta san ba za ta ci ba, sau da yawa wannan take hari, da kuma riƙe gurbinta a takardar ƙuri'ar jihohi don kar ta sake bin layin sa hannu.

Jihohi biyu, Maine da Alaska, sun koma tsarin jera 'yan takara, ka sa wanda ka fi so na ɗaya, mai bi masa na biyu, idan na ɗayanka ya zo ƙarshe aka cire shi sai ƙuri'arka ta koma kan na biyun. A nan ne kaɗai maganar dattijon majalisarmu take da ƙamshin gaskiya, ƙuri'a tana iya tashi daga wani ta koma kan wani, amma kai ne ka rubuta inda za ta je da hannunka. Michigan ba ta cikinsu.