Waiwaye: Ɓoyayyen abu ne, ko dokar Newton ce ke da gyara?

Sau biyu a ƙarni na 19 masana taurari suka ga lissafi ya ƙi daidaita da abin da ke sama. Da duniyar Uranus ta kauce wa hanyarta, Urbain Le Verrier ya ce wata duniya ce da ba a gani ke janta, kuma a 1846 Johann Galle ya hango Neptune daga Berlin. Da Mercury ta yi irin haka, sai Le Verrier ya sake ƙirƙiro wata duniyar, Vulcan. Wannan karon babu ita. Dokar janyowa ta Newton ce ta gaza, sai Einstein ya gyara ta a 1915.

Rigimar ɓoyayyen abu (dark matter), wato nauyin da ake zaton yana sararin samaniya amma ba a ganinsa, daga wannan tushen take. A 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa galaksi (manyan rukunin taurari) da ke cikin tarin galaksi mai suna Coma suna gudun da nauyinsu na fili ba zai iya riƙe su ba. Daga 1970 Vera Rubin da Kent Ford, sannan Albert Bosma a 1978 da igiyar rediyo mai tsawon santimita 21, suka auna yadda galaksi ke juyawa. A bisa Newton, in nisa ya ninka huɗu gudu zai ragu zuwa rabi, kamar yadda duniyarmu ke cin kilomita 30 a sakan, Neptune kuwa, da ta fi ta nisa da rana ƙwarai, biyar da ɗoriya. Amma taurarin gefen galaksi ba su rage gudu ba. Yawancin masana suka ce akwai nauyin da ba ya ba da haske.

Mordehai Milgrom na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya bi ta ɗaya hanyar a 1983, da nazariyar MOND, wadda ke cewa dokar Newton ce ke bukatar gyara. Abin lura shi ne ba a kan nisa ya ɗora gyaran ba, a kan ƙaruwar gudu ne. Ya sa iyaka guda, a0, kimanin 1.2 × 10⁻¹⁰ m/s². Sama da ita Newton na nan daram. Ƙasa da ita janyowa na raguwa daidai da nisa kawai, ba nisa sau nisa ba, don haka gudun gefe ya tsaya cak: v⁴ = GMa0 (v gudu ne, M nauyin galaksi, G kuma adadin ƙarfin janyowa na Newton). Ma'ana, galaksin da ya ninka wani gudu sau biyu ya ninka shi nauyi sau 16, kuma kusan haka ake aunawa. Milgrom ya kuma faɗi tun kafin a auna cewa galaksi masu dishi-dishin haske za su fi nuna giɓin da ke tsakanin gudunsu da nauyinsu na fili, aka tarar haka ne. A 2016 McGaugh da Lelli da Schombert sun duba galaksi 153, suka ga taurari da iskar gas kaɗai sun isa a faɗi yadda kowane zai juya. Masu ɓoyayyen abu sai sun yi dogon bayani kafin su kai nan.

Matsalar MOND tana farawa da zarar an bar galaksi ɗaya. A tarin galaksi, ko an yi gyaran, wajen rabin nauyin da ake bukata babu shi. A tarin Bullet, a 2006, an ga karon tari biyu ya raba gas da galaksi, lanƙwasar hasken da nauyi ke jawowa ta nuna nauyin ya bi galaksin, alhali gas ɗin ne ya fi yawa cikin abin da ake gani. Ma'aunin tauraron ɗan adam Planck kuma ya ba ɓoyayyen abu kusan kashi 27 cikin ɗari na sararin samaniya, abin da muka sani kashi 5.

TeVeS, wadda Jacob Bekenstein ya gina a 2004 don haɗa MOND da Einstein, ta sha kaye a 2017 da aka tabbatar igiyar janyowa na tafiya da gudun haske. Skordis da Złośnik sun fito da sabuwa a 2021, sai dai sababbin sassanta, a farkon halitta, aikin ɓoyayyen abu suke yi. A ɗaya ɓangaren kuma, na'urorin LZ da XENONnT da aka gina don neman ɓoyayyen abu har yanzu ba su kama ƙwayar ɓoyayyen abun ba.

Gwajin da ake kai yanzu shi ne taurari biyu masu zagaya juna daga nesa ƙwarai, a bayanan tauraron ɗan adam Gaia. Kyu-Hyun Chae ya ce ya ga alamar MOND a 2023, ƙungiyar Indranil Banik ta ce Newton ne. Babban abin da ya raba su shi ne yadda ake lissafa tauraro na uku da ke iya ɓuya cikin irin waɗannan tagwayen.