Waiwaye kan asalin sunan Matilda da ma'anarsa

Wanda ya ji sunan Matilda a yau zai ɗauka suna ne mai laushi da ake raɗa wa 'ya mace saboda daɗin faɗi, alhali kuwa asalinsa kalmomin fagen fama ne. A tsohon Jamusanci ana cewa Mahthild, kuma kalmomi biyu ne aka haɗa: "maht", wato ƙarfi ko iko, wadda har yanzu Jamusawa ke amfani da ita a matsayin "Macht", sai "hild", wato yaƙi. Idan aka haɗa su, ma'anar ta kusa da "mai ƙarfi a wajen yaƙi".

Haka al'ummomin Jamusawa na dā suka saba ƙera sunaye, gaɓa biyu a haɗe, kuma ba su ga wani abin mamaki ba wajen sanya wa mace kalmar yaƙi, domin "hild" ɗin nan ce a ƙarshen sunayen mata irin su Brunhild da Kriemhild da Clotilde. Sai dai bai kamata a ɗora wa fassarar nauyi fiye da kima ba, saboda sau da yawa iyaye kan ɗauko gaɓa ɗaya daga sunan wani a dangi su haɗa da wata, don a san gidan da yarinya ta fito, ko ma'anar ta yi daidai ko ba ta yi ba.

Abin da ya raya sunan shi ne matan da suka amsa shi. Ta farko da ta yi fice ita ce matar Sarki Henry na I na Jamus, mahaifiyar Otto na I, wadda ta kafa gidan ibadar mata na Quedlinburg a shekarar 936, ta rasu a 968, cocin Katolika kuma ya sanya ta cikin waliyyai. Daga nan gidajen sarauta suka yi ta maimaita sunan. A fādar wata Matildar ce, mai mulkin Tuscany a Italiya, sarkin Jamus Henry na IV ya tsaya kwana uku cikin sanyi a ƙofar Canossa a 1077 yana neman afuwar Paparoma Gregory na VII.

Sunan ya shiga Ingila ne tare da Normaniyawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci ƙasar a yaƙin 1066, domin matar William mai nasara, Matilda ta Flanders, ita aka naɗa sarauniya a 1068. Ya samu karɓuwa har ta kai ga Edith ta Scotland ta koma amsa Matilda bayan ta auri Henry na I na Ingila a 1100. 'Yarsu, wadda ita ma Matilda ce, ita ta fi kowa cika ma'anar sunan. Mahaifinta ya sa manyan ƙasa sun yi rantsuwar mara mata baya ta gaje shi, amma da ya rasu a 1135 sai ɗan uwanta Stephen ya haye gadon, aka shiga yaƙin basasa na shekara da shekaru. Wani abin ban sha'awa shi ne matar Stephen ɗin ma Matilda ce, kuma rundunarta ce ta fatattaki takwararta a Winchester a 1141. A 1142 aka yi wa 'yar Henry ƙawanya a fādar Oxford, amma a watan Disamba ta sulale cikin dare sanye da farin mayafi don ta saje da dusar ƙanƙara, ta taka kogin da ya daskare ta tsira. Ba a taɓa naɗa ta ba, amma ɗanta Henry na II ya zama sarki a 1154.

A bakin jama'ar wancan zamani sunan ya gajarce ya koma Maud, Jamusawa kuma suka riƙe Mechthild da Mathilde. Daga baya ya dusashe a Ingila na tsawon ƙarnoni, sai a ƙarni na 19 ya farfaɗo, lokacin da Turawa suka koma sha'awar sunayen kakanninsu. Yanzu Ingilishi kan taƙaita shi zuwa Tilly ko Tilda, sarauniyar Beljiyam kuma tun daga 2013 sunanta Mathilde.