Fashin Baƙi Kan Dokar Tarayyar Turai Ta Ceto Kifin Angwila

A ranar 18 ga Satumba, 2007, majalisar ministocin Tarayyar Turai ta zartar da doka mai lamba 1100/2007, wadda aka yi ta dungurungum saboda kifi guda ɗaya. Masana suna kiransa Anguilla anguilla, a nan kuma za mu ce masa angwila. Wanda ya san gaiwa zai iya ƙiyasta siffarsa, domin dogo ne mai santsi kamar maciji, ko da yake ba danginsu ɗaya ba. Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cinsa: mutanen Holan suna banda shi, Sifaniyawa suna soya 'ya'yansa da man zaitun da tafarnuwa, talakawan gabashin Landan kuma sun daɗe suna sayensa a dafe.

Ba za a gane hikimar dokar ba sai an san rayuwar kifin. Duk angwilar da ke kogunan Turai da na arewacin Afirka, daga Norwe har Maroko, wuri guda aka haife ta, wato tekun Sargaso da ke yammacin Atlantika kusa da tsibirin Bamuda. Wani masani ɗan Denmak, Johannes Schmidt, shi ne ya gano haka a farkon shekarun 1920, bayan ya kwashe kusan shekara ashirin yana bin sawun tsutsotsin kifin a teku. Igiyar ruwa ce take kwaso su zuwa gaɓar Turai, inda suke rikiɗa su zama 'yan siraran kifaye da ba su wuce tsawon yatsa ba, garau kamar gilashi, har mutum yana hango ƙashin bayansu da ɗigon idanunsu biyu. Daga nan sai su haura koguna da tafkuna da fadamu, su zauna shekara biyar, ko goma, ko ashirin, suna girma. Idan lokaci ya yi sai cikinsu ya koma launin azurfa, idanunsu su ƙara girma, su daina cin abinci, su gangara teku su kama tafiyar fiye da kilomita 5,000 zuwa inda aka haife su. Sau ɗaya suke hayayyafa a rayuwa, daga nan sai mutuwa.

Ma'anar wannan ita ce duk angwilar da aka kama a kogi, ƙarama ko babba, ba ta taɓa yin ƙwai ba. Haka kuma garken ɗaya ne ga nahiyar baki ɗaya, saboda haka ɓarnar da aka yi a kogin Luwar na Faransa tana iya rage 'ya'yan da za su isa Suwidin bayan wasu shekaru. Tun daga farkon shekarun 1980 yawan 'ya'yan da ke isowa gaɓa ya yi ta raguwa, har ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarun 1960 zuwa 1979. A 2008 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya kifin a jerin halittun da ke gab da ƙarewa.

Ƙashin bayan dokar yana cikin sashe na 2. An wajabta wa kowace ƙasa ta tantance kogunan da angwila ke rayuwa a cikinsu, ta rubuta wa kowane yanki tsarin kula da kifin, ta miƙa wa Hukumar Tarayyar Turai kafin ƙarshen Disamba, 2008, ta kuma fara aiki da shi zuwa 1 ga Yuli, 2009. Manufar kowane tsari guda ce: a rage kisan da ɗan Adam ke haddasawa har ya zamana aƙalla kashi 40 cikin 100 na nauyin manyan angwila masu launin azurfa sun samu sun tsere zuwa teku. Ba kashi 40 na abin da ya rage yau ake nufi ba, ana auna shi ne da adadin da zai fita da a ce mutum bai taɓa sa hannu a kogin ba. A ganina wannan shi ne wuri mafi hikima a dokar, domin yawancin dokokin kamun kifi suna ƙidaya abin da ya shiga koma, ita kuwa tana ƙidaya abin da ya kuɓuta. Amma a nan ne kuma rauninta yake, saboda babu cikakkun alƙaluman angwilar da ke fita daga koguna irin su Rayin na Jamus ko Fo na Italiya kafin a yi musu madatsun ruwa, sai dai kowace ƙasa ta yi ƙiyasi, wanda kuwa aka bar wa ƙiyasta bashin da ake binsa ba kasafai yake ƙiyasta shi da yawa ba.

Dokar ba ta tilasta hanya guda ba. Ta ambaci rage kamun kifi na kasuwa, da taƙaita na masu fatsa don nishaɗi, da gyara koguna yadda kifi zai iya wucewa, da kwasar manyan angwila a mota a tsallake da su madatsa a sake su kusa da teku, da kashe injinan lantarki na wucin gadi a lokacin da suke gangarowa, sannan ta bar wa kowace ƙasa ta zaɓa. Ƙasar da ta ƙi miƙa tsari, ko aka ƙi amincewa da nata, dole ta rage kamun angwila da rabi bisa matsakaicin abin da aka yi daga 2004 zuwa 2006. Ayalan ta rufe kamun angwila na kasuwa gaba ɗaya a 2009. Holan ta hana kamawa daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin hijirar manya. Faransa, wadda ta fi kowa kama 'ya'yan, ta yanka iyakar nauyin da za a kama kowace shekara.

Sashe na 7 shi ne ya fi jawo muhawara. Ya ce ƙasar da ta halatta kama angwilar da ba ta kai santimita 12 ba, sai ta ware wani kaso na abin da aka kama domin a kai wasu ruwayen Turai a zuba, a fara da kashi 35 cikin 100, a riƙa ƙarawa kowace shekara har ya kai 60 zuwa ƙarshen Yuli, 2013. Tunanin shi ne, 'ya'yan da suka taru cunkus a bakin wani kogi na Faransa gara a raba su zuwa tafkunan Jamus ko Foland da ba su samun komai. Masunta suna son wannan sashe, domin ya bar musu sana'arsu, ya kuma samar musu da mai saye. Matsalar ita ce har yau ba a tabbatar da cewa kifin da aka ɗauka a mota aka canja masa mazauni yana komawa Sargaso ya yi ƙwai kamar wanda ya haura da kansa ba, wasu kuma ana zuba su ne a bayan madatsar da za ta kashe su ranar da suka tashi fita.

Akwai wata doka da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan. A 2007 aka sanya angwilar Turai a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari, matakin ya fara aiki a Maris, 2009, sannan a Disamba, 2010 Tarayyar Turai ta haramta fitar da ita waje ko shigo da ita. Dalilin shi ne gonakin kifi na gabashin Asiya, musamman na Sin, waɗanda ke kiwata angwila don kasuwar Japan da sauran wurare. Har yanzu ba a iya ƙyanƙyasar kifin a gona a matakin kasuwa ba, kowace gona da 'ya'yan da aka kamo daga kogi take farawa. Kilo guda yana ɗauke da 'ya'ya kimanin 3,000, kuma a Asiya kuɗinsa yana kaiwa dubban Yuro. Shi ya sa jami'an kwastam a filayen jirgin saman Madrid da Lisbon da Faris suke buɗe akwatin matafiyi su tarar da ledoji cike da ruwa da iska, 'ya'yan angwila suna motsi a ciki, an jera robobin ƙanƙara a gefe don kada zafi ya kashe su kafin a sauka. Hukumar 'yan sanda ta Europol ta taɓa ƙiyasta cewa abin da ake fasa-ƙwaurinsa yana iya kaiwa tan 100 a shekara. Hukuncin tara ko ɗauri kuwa ba ya cikin dokar 2007, kowace ƙasa da nata.

Da aka ga kifin bai farfaɗo ba, sai aka ƙara matsa lamba a gaɓar teku da bakin koguna. Daga 2018 aka sa dokar hana kamun angwila na wata uku a shekara, a 2023 aka mayar da shi wata shida, aka kuma haramta wa masu kamun nishaɗi taɓa angwila a waɗannan ruwaye. Majalisar masana teku ta ICES, wadda Tarayyar ke neman shawararta, ta wuce nan: tun 2021 take cewa kada a kama ko guda ɗaya a ko'ina, har da 'ya'yan da ake cewa za a kai a zuba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda nauyin ya karkata. Masunci da ke fita cikin daren hunturu da fitila da koma mai ƙananan ido yana jiran ruwa ya cika, yana da lasisi, yana da lambar kwalekwale, sunansa yana cikin rajistar da sashe na 11 ya ce a ajiye, saboda haka hana shi abu ne mai sauƙi. Amma wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna akwai shingaye fiye da miliyan ɗaya a kogunan Turai, daga manyan madatsu zuwa ƙananan katangun da aka manta da amfaninsu. 'Ya'yan ba su iya haurawa, manyan kuma idan suka biyo ruwa suka faɗa farfelar injin lantarki ko ta famfon janye ruwa, tsawon jikinsu yana sa a same su a ƙasa a daddatse. Ga fadamun da aka busar aka mayar gonaki, ga gubar masana'antu da ke taruwa a kitsensu, ga wata tsutsa da ta shigo daga Asiya a farkon shekarun 1980 tana lalata musu jakar iskar da suke buƙata a doguwar tafiya. Dokar ta ambaci gyaran koguna da kashe injina, amma ta bar su a matsayin zaɓi, kuma ita kanta Hukumar Tarayyar Turai, a nazarin da ta fitar a 2020, ta amince cewa kifin yana nan cikin mawuyacin hali, kuma ana buƙatar ƙarin ƙoƙari kan abubuwan da ke kashe shi waɗanda ba su da alaƙa da kamun kifi.

Dole a yi wa dokar adalci ta fuskar lokaci, domin kifin da zuriyarsa guda take ɗaukar shekara goma zuwa ashirin ba zai dawo cikin wa'adin gwamnati ɗaya ba, kuma faɗuwar da aka yi ta gani ta lafa wajen 2011. Sai dai lafawar a ƙasa ta tsaya. A yankin Tekun Arewa, wanda ke gabas da Birtaniya, 'ya'yan da ke isowa a shekarun nan suna kewayen kashi 1 cikin 100 na abin da aka saba gani kafin 1980, kuma galibin yankunan da aka rubuta wa tsari ba su kai ga kashi 40 ɗin da sashe na 2 ya nema ba.